Ciwon hanta: yaƙin cikin jiki da dafin gujiya mai funfuna



Gujiya ta nuna a gonakin Lugu da Bagaji da Matankari, har zuwa Tibiri da Gesheme da Kore Mairuwa. Gujiyar da muke nufi ita ce wadda mutanen gabas ke kira gyaɗa. Nan da 'yan kwanaki za a cire ta, a shanya, a zuba buhu. Kowa ya san kyawun wannan aiki shi ke sa ta yi kuɗi a kasuwa. Amma ba kowa ya san ya shafi lafiyar hantarmu da ta 'ya'yanmu ba. Shi ya sa a wannan karo za mu bar zancen taki da iri, mu yi zancen hanta. Ku karanta a hankali. Wanda ya gama ya karanta wa waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Aikin hanta

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta babban mutum ta kai kilo 1 da rabi. Duk abin da muka ci ko muka sha, in ya narke cikin hanji ya shiga jini, hanta yake fara biyawa kafin ya isa sauran jiki. Cikin minti ɗaya jini wajen lita 1 da rabi ke ratsa ta.

Hanta rumbu ce: tana ajiye abinci, ta saki kaɗan kaɗan lokacin da mutum ke noma bai ci kome ba. Kuma rariya ce: tana tace dafi da magani. Ita ke yin ruwan ɗaci mai narkar da mai. Ita ke yin abin da ke sa jini ya daskare in an yanke. Ita ke yin abin da ke riƙe ruwa cikin jijiya, kada ya tsiyaye cikin ciki da ƙafafu.

Allah ya yi ta da haƙuri. In wani sashe nata ya lalace, tana iya tsiro da sabo. Kuma naman cikinta ba ya jin ciwo. Saboda haka tana iya shekaru tana lalacewa mai ita yana noma, yana zuwa kasuwa, bai san kome ba.

Mene ne kumburi?

Kowane manomi ya taɓa taka ƙaya. Kashegari wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, yana zogi. Bayan kwana biyu ko uku mugunya ta taru, ƙayar ta fito, wurin ya warke ya bar ɗan tabo.

Ba ƙayar ce ta kawo ja da zafin ba. Jiki ne ya yi su don ya kare kansa. Ya buɗe hanyoyin jini, ya turo masu gadinsa, wato fararen ƙwayoyin jini, su kashe ƙwayoyin cutar da ƙayar ta shigo da su. Mugunya gawarwakinsu ce da na abokan gabarsu. Wannan faɗa shi likitoci ke nufi in sun ce kumburi. Abu ne mai amfani, muddin ya yi aikinsa ya tsaya.

Irin wannan faɗa yana aukuwa cikin hanta, inda ido ba ya gani.

Masu gadi da saƙonninsu

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Sai da madubin likita ake ganinsu. Cikin hanta, a bakin ƙananan hanyoyin jini, akwai wasu ƙwayoyi masu gadi da ke zaune dare da rana. Wani masani na ƙasar Jamus mai suna Kupffer ya fara bayaninsu a shekarar 1876, har yau da sunansa ake kiransu. Aikinsu su haɗiye ƙwayar cuta da duk wata ƙazanta da ta biyo jini daga hanji.

In abin ya fi ƙarfinsu sai su yi kuwwa. Ba su da baki, don haka kuwwarsu wani ɗan ruwa ne da suke saki cikin jini. Likitoci suna kiransa sitokin, kuma iri-iri ne. Kowane da saƙonsa, kamar yadda kiɗan ganga na farauta ya bambanta da na gayya. Wani saƙo yana cewa: ku zo, ga ɓarawo. Sai fararen ƙwayoyin jini su taho daga ko'ina. Wani yana zuwa ƙwaƙwalwa ya ce: a ƙara zafin jiki. Shi ne masassara. Kasala da ƙin abinci na marar lafiya su ma daga waɗannan saƙonni suke. Wani yana cewa: a ɗinke inda ya yage. Akwai kuma na ƙarshe mai cewa: an gama, kowa ya koma gida.

Ku ɗauka ɓarawo ya shiga gonar hatsi, mai gadi ya yi kuwwa, gari ya fito da sanduna. An kore shi, amma an tattake kunya biyar ko goma. In sau ɗaya ne, hatsin zai miƙe. To, in ɓarawon ya laɓe cikin gonar ya ƙi fita fa? Kowane dare kuwwa, kowane dare tattaki. Kafin kaka gonar ta zama fili. Ɓarawon bai ɗauki abu mai yawa ba, masu korarsa ne suka gama da ita. Yawancin ciwon hanta mai daɗewa haka yake: saƙon «ku zo» ba ya yankewa, saƙon «a koma gida» ba ya samun shiga.

Yadda tabo ke cinye hanta

Cikin hanta akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro. Lokacin lafiya suna kwance, suna ajiyar bitamin A. In saƙon ɗinki ya iso musu sai su tashi su shiga saƙa zare mai tauri a inda ya lalace. Wannan zare shi ne tabo. Tabo yana toshe rami, amma ba ya tace jini, ba ya ajiye abinci.

Wanda ke son ya ga haka da idonsa ya tsaya wurin mahauta ranar kasuwa. Saniya ko tunkiyar da ta daɗe tana kiwo a fadama da bakin tabki takan kwashi wata tsutsa faffaɗa mai kamar ganye, wadda ke zama cikin hanta. In an yanka, sai a ga hanyoyin ɗaci sun yi fari, sun yi kauri, wuƙa tana ƙara in ta bi ta kansu. Wannan taurin jikin dabbar ne ya saƙa shi, garin faɗa da tsutsar wata da watanni.

Haka take ga mutum. In faɗan ya kai shekara 20 ko 30, tabo ya kewaye ko'ina, hanta ta ƙanƙance, ta yi tauri da ƙulli-ƙulli. Likitoci suna ce wa wannan siroz. Jini ba ya samun hanyar ratsawa, sai ya ja baya. Daga nan ne ciki ke cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, ido ya yi ɗorawa, mutum ya rame, wani har ya yi aman jini. A ƙauye akan ce sammu ne ko jifa. Sau da yawa ƙarshen wani ciwo ne da ya faro tun mutum yana goye.

Akwai labari mai daɗi. In an kawar da abin da ke tayar da faɗan tun da wuri, tabo yakan daina ƙaruwa, wani ma ya ragu.

Ɓarawon da ke laɓewa: ciwon hanta na B

Abubuwan da ke hana faɗan hanta ƙarewa suna da yawa. Akwai giya da burkutu. Akwai kitse mai taruwa a hantar mai ƙiba ko mai ciwon sukari. Akwai ƙwayar ciwon hanta ta C. Amma a ƙasashenmu babban cikinsu shi ne ƙwayar ciwon hanta ta B. Wani likita ɗan Amurka, Blumberg, shi ya gano alamarta cikin jini a shekarun 1960. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita, wajen miliyan 65 a Afirka, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1 da dubu 100 a wannan shekara.

Wannan ƙwaya tana shiga cikin ƙwayoyin hanta ta zauna. Ita da kanta ba ta cika kashe su ba. Masu gadin jiki ne ke kashe duk ƙwayar hantar da suka tarar da ita ciki.

In babban mutum ya kamu, jikinsa yakan tashi da ƙarfi. Wani ya yi shawara na 'yan makonni, wani ko alama ba ya yi, daga nan a kore ta gaba ɗaya. Cikin manya 100, waɗanda take zaunawa jikinsu ba su kai 5 ba. Jariri kuwa masu gadinsa ba su gama wayo ba, sai su ɗauke ta 'yar gida. Cikin jarirai 10 da suka kamu, wajen 9 za su girma da ita. Sai daga baya jiki ya farga, ya shiga faɗan da ba ya iya ci, ba ya kuma bari.

Tana bin jini da ruwan jiki: daga uwa zuwa ɗa wajen haihuwa, tsakanin yara ta ƙuraje da raunuka, ta aska ɗaya da aka yi wa mutane da yawa aski ko kaciya ko tsaga ko ƙaho da ita, ta allurar da aka maimaita, da kuma ta kwanciyar namiji da mace. Ba ta bin gaisawa, ba ta bin zufa, ba ta bin cin tuwo akushi ɗaya. Kada a ware wa mai ita ƙwarya ko tabarma.

Dafin da ke cikin buhu

Yanzu mu koma gona. A shekarar 1960 talotalo fiye da dubu 100 suka mutu a Ingila cikin 'yan watanni. Da aka bincika sai aka tarar hantarsu ta lalace, kuma duk sun ci tunkuzar gujiya da aka sayo daga Birazil. Nan aka gano wata funfuna mai launin kore da ɗorawa tana zuba dafi cikin gujiya. Aka sa wa dafin suna afalatoksin.

Wannan funfuna tana cikin ƙasar gonakinmu. Tana son zafi da laima. Ta fi kama gujiya da masara. Hatsi da dawa ba su kai su kamuwa ba, amma su ma in an rufe su da danshi ba su tsira. Tana shiga gujiya tun a gona in ruwa ya ɗauke kafin ta gama nuna, ko in gara da tsutsa sun huda ɓawo, ko hauya ta fasa shi. Tana ƙaruwa in an tara gujiya ɗanya, ko an ajiye buhu a ƙasa mai laima.

Ku riƙe abu uku. Na farko, dafuwa da suya ba su kashe wannan dafi. Na biyu, ba kullum ake ganinsa ko a ji ɗanɗanonsa ba. Na uku, ɗan kaɗan ya isa: ƙasashen Turai ba su karɓar gujiyar ci in dafin ya wuce giram 4 cikin tan 1.000.

In an ci da yawa lokaci ɗaya yana kisa nan take. A shekarar 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da aka ajiye da danshi, 125 suka rasu. Amma abin da ya fi yawa shi ne ci kaɗan kaɗan, yau da gobe, cikin ƙuli-ƙuli da miyar gujiya da tuwon masara. Dafin yana bin nonon uwa da na saniya. Binciken da aka yi a Benin da Togo, wanda aka buga a 2002, ya nuna yaran da suka fi shi cikin jini sun fi tsumburewa.

In biyu sun haɗu

Cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani rubutu mai gaya mata aikinta, da lokacin da za ta hayayyafa, da lokacin da za ta tsaya. In ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun duka ta ba sabuwar. Ku da kuka yi aji kun san yadda ake kwafar darasi daga allo. Wanda ya kwafa a natse ba ya cika kuskure. Wanda ake gaggauta shi, kuma wani ya shafe wasu baƙaƙe a allon, dole ya yi kuskure.

Faɗan ciwon B yana kashe ƙwayoyin hanta kullum, sauran suna ta gaggawar kwafa don su cike gurbi. Shi kuwa afalatoksin, in hanta ta yi ƙoƙarin tace shi, yana manne wa rubutun ya ɓata baƙaƙe. Har ma yakan ɓata daidai layin da ke cewa «tsaya». Ƙwayar da ta rasa wannan layi sai ta yi ta hayayyafa ba iyaka. Shi ne ciwon daji na hanta. A ƙasashenmu yakan kama magidanta 'yan shekara 30 zuwa 45, lokacin da gida ya fi bukatarsu.

A birnin Shangai na ƙasar Sin an bi lafiyar maza fiye da dubu 18 shekaru da dama, aka buga sakamakon a 1994. Mai dafin kaɗai a jiki, haɗarin ciwon dajinsa ya ninka wajen sau 3. Mai ƙwayar B kaɗai, wajen sau 7. Mai duka biyun, wajen sau 60. Ma'ana, ko wanda ya riga ya kamu da ƙwayar B, in ya kiyaye abin da yake ci ya rage wa kansa haɗari mai yawa.

Abin da aka gwada a Gine

Kada wani ya ce wannan aikin masu kuɗi ne. A yankin Kindiya na ƙasar Gine an ɗauki ƙauyuka 20 na manoman gujiya. Goma suka yi yadda suka saba. Goma aka nuna musu tsince gujiya da hannu, da shanya bisa tabarma har ta bushe sarai, da zubawa cikin buhun algarara, da ɗora buhu bisa katako, da kare ɗakin ajiya daga ƙwari. Bayan wata 5 aka auna jinin mutane. Dafin da ke jikin waɗanda suka bi shawara bai kai rabin na sauran ba. An buga wannan a 2005. Babu inji ciki, babu abin da ya fi ƙarfin manomin Arewa.

Aikin gona da rumbu

1. A cire gujiya da zarar ta nuna. A fasa 'yan kwanso a duba: in cikin ɓawo ya yi duhu, lokaci ya yi. Kada a bar ta cikin busasshiyar ƙasa gara ta same ta.
2. In an cire, a kifar da ita, 'ya'ya sama, ganye ƙasa, don rana da iska su ratsa. Kada a tara ta tsibi tana ɗanya.
3. In an tsinke, a shanya bisa tabarma ko tamfol. Da maraice a kwashe ko a rufe saboda raɓa.
4. Ta bushe in an girgiza kwanso ya yi ƙara, ƙwaya kuma ta karye ƙas a haƙori.
5. Kada a yayyafa mata ruwa don ɓara ta yi sauƙi ko don ta yi nauyi a sikeli.
6. A tsince wadda ta fashe, da wadda ta yamushe, da mai huda, da mai baƙi ko kore. Yawancin dafin yana cikin waɗannan 'yan kaɗan.
7. Abin da aka tsince a ƙone ko a binne. Kada a yi ƙuli-ƙuli da shi, kada a ba yara, kada a ba kaji ko akuya mai nono. A nan ne gidaje da yawa ke cutuwa: mai kyau ta tafi kasuwa, marar kyau ta shiga tukunya.
8. A ajiye ta da ɓawonta. A ɗora buhu bisa itace, nesa da bango. A gyara rufin rumbu kafin damana.
9. Masarar da aka sayo lokacin bazara a duba ta, a sansana. Mai warin laima ko wadda ta dunƙule, a bar wa mai ita, ko da ta fi araha.

Mata masu yin mai da ƙuli-ƙuli, wannan magana taku ce ta musamman. Dafin ya fi zama cikin tunkuza bisa ga mai, kuma yara su ne manyan masu sayen ƙuli-ƙuli.

Aikin gida da likita

1. A kai kowane jariri riga-kafi. Tun 2008 Nijar ta sa riga-kafin ciwon B cikin allurar nan mai kare cuta biyar, wadda ake yi a mako 6 da 10 da 14. Sai an cika ukun take aiki sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ce a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Mai ciki ta tambayi wannan wajen awo, ta kuma nemi a auna jininta.
2. Kowane kai da rezarsa, kowane yaro da sabuwar aska. Wanzami na kirki ba ya jin haushin wanda ya zo da tasa.
3. Kada a yarda da allurar mai yawo.
4. Magidanci ya nemi awon jini na ciwon B ko da yana jin garau, musamman in ciwon hanta ya taɓa kashe wani a gidansu. In an samu, a auna matarsa da 'ya'yansa.
5. Ba duk mai ƙwayar ke bukatar magani ba. Likita ke duba jini ya ga ko faɗa na gudana. Wanda ke bukata, akwai ƙwaya mai suna tenofobir, ɗaya a rana. Ba ta fitar da cutar ɗungum, amma tana danne ta har kuwwa ta lafa, hanta ta huta. Kada a daina sha ba da izinin likita ba, don faɗan na iya dawowa da ƙarfi. Ciwon C kuwa yanzu yana warkewa da magani na wata 3.
6. Mai ciwon hanta ya bar giya gaba ɗaya. Ya bar haɗa ƙwayoyin tebur da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Ko farasetamol in ya yi yawa yana ƙona hanta. Duk abin da aka haɗiya, ita ce mai tacewa.
7. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi, ciki na kumbura, ko an ji ƙulli a gefen dama: a tafi likita ranar nan, a Dogon Dutsi ko Tibiri ko wadda ta fi kusa. Mai ciki da ta yi shawara kada ta kwana gida.

'Yan uwa, riga-kafi ya fi magani. Allurar jariri tana hannun uwa da uba. Tabarmar shanya da itacen ɗora buhu suna hannun manomi. Ku tattauna wannan a dandali da wurin taron ƙungiya. Wanda ke son a nuna masa yadda ake gane gujiya ta bushe, ko yadda ake gyara wurin ajiya, ya nemi malamin gona na yankinsa kafin a ɗinke buhu.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ci amfanin gonarmu cikin kwanciyar hankali. Amin.